Kai Masa Masa: Waina da Kalmominta a Zangunan Fatakwal, Anaca da Inugu

Gabatarwa

Duk wanda ya zauna a ajin Ƙa'idojin Rubutun Hausa ya san irin jimlolin nan da malamai kan rubuta a allo domin su nuna mana cewa rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali, ba ya kuma nuna karin sauti. Ni tawa jimlar a bakin murhu na tsince ta, da sassafe, a wani gidan haya da ke Diyobu cikin garin Fatakwal, inda na je hutun ƙarshen shekara wurin gwaggota. Wani mai shayi na bakin titi ya aiko a ba shi ta ɗari biyar, sai Gwaggo ta dubi 'yarta ta ce, "Ke, tashi ki kai masa masa." Babu wanda ya ji wani abu a cikin maganar, domin a baki kalmomin biyu ba su yi kama ba. Ta farko wasulanta gajeru ne, ta biyu kuwa dogaye ne, wato maasaa. Sai da na zo rubutawa a ɗan littafina sannan na ga kalma ɗaya ta fito sau biyu a jere.

Da na ƙara tunani sai na ga akwai abin da ya fi wannan jan hankali. Gwaggo Bakanuwa ce gaba da baya, kuma a gidanmu waina muke cewa. Yaushe ta koma cewa masa? Wannan tambaya ita ta sa na riƙa tashi da asuba ina zama kusa da ita har hutun ya ƙare. A wannan maƙala za a bi yadda ake yin waina ta karin kumallo tun daga jiƙo har zuwa tuya, a kuma dubi kalmomin da ke tafiya da kowane mataki, domin a zangunan Kudu waɗannan kalmomi su ne suka fi saurin suɓucewa daga bakin yaran da aka haifa a can.

Zangunan

Daga cikin garuruwan uku Anaca ce ta fi daɗewa da sanin mutanen Arewa, saboda tana bakin kogin Kwara. Tun a ƙarni na 19 fatake Hausawa da Nufawa suke gangarowa ta ruwa daga wajen Lakwaja, kuma kamfanin nan na Royal Niger, wanda ke da Hausawa da yawa cikin dakarunsa, a Asaba ya kafa hedkwatar mulkinsa, tsallaken kogi kawai. Fatakwal da Inugu kuwa kwal ne ya haife su. An gano kwal a yankin Udi a 1909, Turawa suka nemi tashar ruwa da za su fitar da shi, aka kafa Fatakwal wajen 1912 zuwa 1913, layin dogo ya haɗa garuruwan biyu a 1916. A 1927 layin ya haɗe da na Kaduna ta Kafancan, aka kuma buɗe gadar Makurɗi a 1932. Daga nan shanu da albasa da wake da busasshen kifi suka sami hanya, masu su kuma suka biyo su. Zaman ya yi nisa har a shekarun 1950 Malam Umaru Altine, wani ɗan kasuwar shanu mutumin Sifawa ta ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garin Inugu na farko.

Ibo kan kira unguwar Hausawa Ama Awusa ko Ogbe Awusa. A Anaca jama'ar sun fi taruwa wajen titin Bida inda babban masallaci yake, da kuma kasuwar Kan Gada. A Inugu akwai wajen titin Owerri da kasuwar Gariki, a Fatakwal kuma akwai Diyobu da tsohon cikin gari da Oyigbo a bayan gari. Zaman bai taɓa zama lami lafiya ɗungurungum ba. Rikicin 1966 da yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 sun watsa waɗannan zanguna, sai bayan yaƙi aka sake taruwa. A watan Fabrairu na 2006 kuma, bayan tarzomar da aka yi a Maiduguri, an kai wa 'yan Arewa harin ramuwa a Anaca, aka rasa rayuka da dama, da yawa suka tsallake gada zuwa Asaba.

Na kawo wannan tarihi ne saboda ya shafi harshe kai tsaye. Inda zama ba shi da tabbas, magidanci yakan bar iyalinsa a gida ya je neman kuɗi shi kaɗai. Saboda haka maza sun fi mata yawa a zango nesa ba kusa ba. Kalmomin ciniki da na shanu da na canji suna da bakuna da yawa da ke riƙe da su. Kalmomin madafa kuwa suna hannun 'yan matan aure kaɗan, irin su Gwaggo, waɗanda kowacce takan ciyar da samari da gwauraye masu yawa kowace safiya.

Waina ko masa?

A Kano waina ake cewa. A Bauci da Gwambe da Jos masa ake cewa, kuma masar Bauci ta yi suna har mai tuya a wani gari takan ari sunan ta liƙa wa tata. A wajen ƙasar Hausa ma masa ce ta yi nasara: ita ake ji a zangunan Gana, ita Yarabawa suka ara, ita kuma Ibo da mutanen Ribas suka sani. A ganina hanya tana da hannu a cikin wannan. Layin dogo na gabas da titin mota da ke gangarawa ta Lafiya da Makurɗi duk sun ratsa yankin da masa ta fi ƙarfi, don haka ita ta riga isa. Da na tambayi Gwaggo dalilinta, amsarta ba ta da tsawo. Ta ce, "'Yar nan, in na ce waina sai in tsaya bayani, ga tanda a wuta."

Kalmomin biyu duk jinsin mace ne, shi ya sa suke ɗaukar mahaɗin -r: wainar shinkafa, masar gero. Mai rubutu ya yi hattara a nan ma, domin in masar ta zo a farkon jimla da babban baƙi, sai ta zama tamkar sunan ƙasar Masar. Amma ta fuskar ma'ana kalmomin ba su yi daidai wa daida ba. Waina ta faɗaɗa ta shiga wasu abinci: akwai wainar ƙwai, da wainar fulawa, da wainar rogo, waɗanda ko kusa da tanda ba sa zuwa. Ban taɓa jin wanda ya ce masar ƙwai ba, ko a Jos. Ke nan masa ta tsaya a kan abu guda, wato ƙullun hatsi da ya tashi aka toya a gurbin tanda, ita kuwa waina ta zama sunan duk wani kwaɓi da aka zuba a mai ya yi faɗi aka juya shi. Wannan misali ne mai kyau ga duk wanda ke neman abin da zai kawo a jarrabawar Ilimin Ma'ana a kan cewa da wuya a sami kalmomi biyu masu ma'ana ɗaya tak.

Daga jiƙo zuwa markaɗe

Ga ma'aunin da zai ishi gida mai mutum biyar ko shida: shinkafar tuwo gwangwanin madara huɗu, da ƙarin rabin gwangwani da za a dafa daban, albasa madaidaiciya guda, yis ƙaramin cokali ɗaya, sukari babban cokali biyu ko uku, gishiri ɗan kaɗan, jiƙaƙƙiyar kanwa, da man gyaɗa na tuya.

Matsala ta farko a Kudu ita ce shinkafar kanta. Gabas ba ta rasa shinkafa ba, Abakaliki ma da ita aka san ta. Sai dai akasarin wadda ke kasuwa turararriya ce, wato an turara ta tun tana cikin ɓawonta kafin a sheme ta. Irin wannan ta dace da dafa-duka saboda ba ta caɓewa, amma masu tuya ba sa son ta. Turarawar ta riga ta sa ƙwayar ta yi tauri, launinta ya sauya, don haka wainarta ba ta yin fari, ba ta kuma yin laushin da ake so. Abin da ake nema shi ne farar shinkafa ɗanya, wadda muke kira ta tuwo, kuma wannan daga Arewa take zuwa a motocin da ke kawo albasa da wake. In motocin suka yi jinkiri, a tandar Gwaggo ake fara gani.

A nan bari in ɗan ratse. Uku daga cikin kayan haɗin nan suna da sunaye a harshen Ibo da duk Bahaushe zai gane in ya kasa kunne: shinkafa ita ce osikapa, albasa ita ce yabasi, kanwa kuma akanwu. Albasa mu ma daga Larabci muka aro ta. Wato hanyar da ta kai kayan ita ta kai sunayensu, kuma ɗalibin da ke neman batun kundin digiri a kan kalmomin aro zai iya farawa daga kwandon cefanen mai waina.

Mataki na farko shi ne a wanke shinkafa a rege ta. Regewa ita ce a riƙa karkaɗa ƙwarya ko kwano cikin ruwa ana kwashe hatsin da ke sama har tsakuwa da yashi su rage a ƙasa. Daga nan sai a jiƙa ta, ta yi awa shida zuwa takwas. A lura da wannan aikatau. In na ce "Gwaggo ta jiƙa shinkafa", aikatau ne mai karɓau, na giredi na ɗaya a tsarin da F. W. Parsons ya fitar a 1960. In kuwa na ce "shinkafa ta jiƙa", ya zama na giredi na uku, maras karɓau, kuma karin sautinsa ya sauya, ga shi rubutun iri ɗaya. Alamar ta jiƙa ita ce a murtsuke ƙwaya tsakanin yatsu biyu ta farfashe.

Kafin lokacin markaɗe ya yi, sai a dafa rabin gwangwanin nan har ya yi luguf, a bar shi ya huce sarai. Mutane da yawa suna zuba dafaffiyar shinkafa a ƙullu don haka suka ga ana yi, ba tare da sun san amfaninta ba. Fulawar alkama tana da wani danƙo nata na halitta wanda ke riƙe iska in kwaɓi ya kumbura, shi ya sa burodi da funkaso suke tashi su tsaya. Shinkafa ba ta da wannan danƙo. Dafaffiyar ita ke ba ƙullu yauƙin da zai riƙe iskar, ita kuma ke sa cikin waina ya yi taushi ko ta huce. In aka zuba ta da zafinta kuwa, za ta iya kashe yis, ƙullu ya ƙi tashi.

Sai a tsane jiƙaƙƙiyar shinkafa, a haɗa ta da dafaffiyar da albasa, a kai inji. Hausa ba ta haɗa ayyukan nan a kalma ɗaya ba. Ana surfa hatsi a turmi don a cire dusa, ana ɓarza shi in ana son ya farfashe kawai, ana daka shi ko a niƙa shi ya zama gari, a tankaɗe. Amma abin da yake jiƙaƙƙe, kamar wake na ƙosai ko kayan miya ko shinkafar waina, markaɗa shi ake yi. Abin da ya fito shi ne ƙullu. A gargaɗi mai inji kada ya cika ruwa, domin ƙullun da ya yi kauri kirtif ana iya tsinka shi daga baya, wanda ya yi ruwa tsululu kuwa sai dai a nemi gari a ƙara. A kuma sa ya wanke injin. A Diyobu injin da zai markaɗa ƙullunki shi ne ya gama markaɗa barkono da wake, kuma farar waina ba ta ɓoye abin da ta gamu da shi.

Tashin ƙullu

Nan ne na sha kunya. A gida, musamman lokacin hunturu, bayan sallar isha'i ake zuba yis a rufe ƙullu, a ajiye shi wuri mai ɗumi, wani lokaci har a lulluɓe shi da tsohon bargo, ya kwana. Haka na yi a dare na uku da zuwana, na ce wa Gwaggo ta kwanta ta huta. Da asuba na tarar ƙullu ya ture murfi ya malale a ƙasa, wanda ya rage a roba kuma ya kwanta, tsaminsa har hanci. Gwaggo ta leƙo ta ce, "'Yar nan, nan ba Kano ba ce. Wa ya ce miki ƙullu yana kwana a garin nan da yis a cikinsa?"

Abin da ke faruwa a cikin robar shi ne, yis wata ƙwayar halitta ce mai rai da ke cin zaƙin da ke cikin ƙullu tana fitar da iska, iskar ce ke sa shi kumbura. Tare da ita akwai wasu ƙwayoyin, dangin waɗanda ke mayar da madara nono, su kuma tsami suke kawowa. Dukkansu zafi ke sa su sauri. Daren hunturu a Kano yakan yi sanyi ƙwarai, ƙullu ya tafi a hankali. Daren Fatakwal kuwa kusan duk shekara da ɗumi yake ga laima, kuma ruwan saman da garin ke samu, sama da milimita 2,000 a shekara, ya ninka na Kano fiye da sau biyu. Abin da zai ɗauki dare guda a gida, a can awa uku zuwa huɗu ya ishe shi. Saboda haka Gwaggo takan markaɗa da daddare ta ajiye, sai wajen ƙarfe biyu ta farka ta zuba yis ta koma barci. Wata rana kuma ba ta sa yis ɗin sam, sai ta zuba ludayi ɗaya na ƙullun jiya, wanda shi ne yadda iyayenmu suke yi kafin yis na leda ya shigo kasuwa. Wasu nono suke sawa.

Dubi aikatan da muke ba ƙullu: ya tashi, ya kwana, ya kwanta, ya ƙi. Duk na mai rai ne. Matan da suka fara faɗin haka ba su taɓa leƙa madubin ɗakin gwaji ba, amma harshensu ya riga ya ɗauki ƙullu a matsayin abu mai rai, kuma kimiyya ba ta ƙaryata su ba.

Ƙullun nawa bai tafi a banza ba, kanwa ce ta cece shi. Kanwa kishiyar tsami ce. In ruwanta ya haɗu da ƙullu mai tsami sai ta kashe tsamin, haɗuwar kuma ta fitar da sabuwar iska, ka ga ƙullu ya ɗan sake motsi. Da kaɗan-kaɗan ake zubawa ana ɗanɗanawa, domin in ta yi yawa waina za ta yi rawaya, ta yi ɗaci-ɗaci da warin sabulu. Masu zamani kan sa bekin foda a madadinta. Sai a zuba sukari da gishiri, a buga ƙullun da ludayi sosai, a tsinka shi da ruwa har ya zama yana zuba daga ludayi kamar kunu mai ɗan kauri. Gwaggo ba ta haɗa robar gaba ɗaya. Takan ɗebi wanda za ta toya cikin rabin awa a ƙaramin kwano ta haɗa shi, in ya ƙare ta sake ɗiba, don kada na ƙarshe ya saki.

Ƙullu ba ya jira, kuma wannan ya fi gaban maganar ɗanɗano. A hanyata ta dawowa na kwana biyu a Inugu wurin wata ƙawar Gwaggo, mutuniyar Bauci, wadda ta yi shekaru tana tuya a Anaca kafin rikicin 2006 ya tashe ta. Ta ba ni labarin yadda dokar zaman gida ta ranar Litinin, wadda 'yan fafutukar Biyafara suka fara a watan Agusta na 2021, ta shafe su. Mai sayar da wake ko albasa in bai fita ba kayansa suna nan gobe. Ita kuwa tun la'asar ɗin Lahadi za ta yanke shawara ko ta jiƙa ko kada ta jiƙa, in kuwa aka wayi gari da wata sanarwar ba-zata a tsakiyar mako, kwano biyu na shinkafa sun tafi sadaka.

A bakin tanda

Tanda faranti ne mai gurabu, na ƙasa ko na ƙarfe, wasu kuma kasko suke ce mata. Ta ƙasa ta fi riƙe zafi daidai, wainarta ta fi ƙamshi, amma ba ta jure tafiyar mota daga Arewa, kuma itace a Fatakwal rabin shekara a jiƙe yake. Don haka Gwaggo ta koma ta ƙarfe a kan gawayi. Ƙawarta ta Inugu kuwa har yanzu tana da ta ƙasa, ta yi baƙi ƙirin da mai, ba ta yarda kowa ya taɓa mata.

Dabarar tanda ba tamu ce mu kaɗai ba. A gaɓar Afirka ta Gabas Waswahili suna toya vitumbua da ƙullun shinkafa da madarar kwakwa a kasko mai gurabu. A kudancin Indiya akwai paniyaram, a Holan akwai poffertjes. Abin da Turawa suke kira waffle, wanda ƙasar Beljiyam ta yi suna da shi, ɗan'uwan waɗannan ne na nesa: ƙullun fulawa ne da ƙwai da madara da man shanu, ana zuba shi tsakanin ƙarafa biyu masu zanen gida-gida, a rufe, zafi ya kama shi sama da ƙasa lokaci guda. Bambancin da ya shafe mu shi ne, tasu tandar tana da murfi mai zafi, don haka ba a taɓa abin da ke ciki sai ya nuna. Tamu ba ta da shi, dole a bi kowace waina a juya ta da hannu, kuma a nan gwaninta take.

A ɗora tanda ta yi zafi, wuta madaidaiciya. A ɗiga mai kamar rabin ƙaramin cokali a kowane gurbi, a zuba ƙullu kada ya cika fal, domin zai taso. In an ji cuu, zafi ya yi. In shiru aka ji, a dakata, don waina za ta sha mai ta kama tanda. A jira har gefe ya fara ja, 'yan ƙofofi su fito a sama, tsakiya kuma da sauran ruwa-ruwa. Nan ne lokacin juyi. A zura bakin cokali ta gefe a kewaya, a kifa ta da sauri, ragowar ɗanyen ƙullun ya gangara ƙasa ya ba ta ɗaya cikin, shi ya sa waina mai kyau take da tudu gaba da baya. Wanda ya yi gaggawa zai fasa ta, wanda ya yi nawa kuma zai sami gefe ɗaya a shafe, ɗayan ya ƙone ƙurmus. In wuta ta yi yawa baya zai yi ja ciki yana ɗanye. Gwana takan fara zubawa daga gurbi na farko, kafin ta kai na ƙarshe na farko ya isa juyi, haka za ta yi ta kewayawa hannunta bai tsaya ba.

Aikatau biyu ne ke mulki a nan, toya da juya, kuma kowannensu yana hawa giredi-giredi. Ta toya waina, giredi na ɗaya. Ta toye ƙullun duka, na huɗu, mai nuna ƙarewa. Ta toyo mana, na shida, aikin ya nufo mai magana. Wainar ta toyu, na bakwai, ta yi yadda ake so. Haka juya, juye, juyo, juyu, da juyar na giredi na biyar. Game da toya da soya kuwa, a Kano an fi cewa a soya nama a toya waina ko ƙosai, ko da yake za ka ji mai cewa suyar waina. A karin harshen yamma toya takan ɗauki ma'anar ƙonawa, don haka in Basakkwace ya ce abu ya toye, kada ka miƙa hannu ka ce a sammaka.

Ana ci da zafinta. Da safe a zango an fi cin ta da garin ƙuli-ƙuli da yaji da ɗan mai, ko da sukari ko zuma, a kora da shayi ko koko. Miyar taushe, mai kabewa da gyaɗa da alayyafo da yakuwa, sai ranar Juma'a ko suna ko salla. Maƙwabtan Gwaggo waɗanda ba Hausawa ba sun fi son ta da jar miya, wasu kuma da tsire.

Abin da yaran suka riƙe

'Ya'yan Gwaggo da na maƙwabta duk a Fatakwal aka haife su. Suna jin Hausa, suna yin Turancin buroka a waje, suna kuma tsintar Ibo da Ikwere a makaranta. Abin da zan faɗa abin da kunnena ya ji ne a gida ɗaya. Sunayen abubuwa suna nan daram: masa, yaji, ƙuli-ƙuli, kanwa. Aikatau ne suka zube. Yarinyar da ake aika inji kullum ba ta san markaɗa ba, cewa take za ta je "girandin". Toya da soya da gasa duk sun zama "firayin" ko dafa. Rege kuwa babu wanda ya taɓa jin ta, kuma ba laifinsu ba ne ƙwarai, tun da shinkafar inji ta rage tsakuwa. Amsa-kama irin su kirtif da tsululu da luguf dariya suke ba su. Tsire ma "suya" suke ce masa, wato kalmar da mutanen Kudu suka ara daga wurinmu suka sauya mata ma'ana, ta dawo bakin 'ya'yanmu da sabuwar ma'anar.

Na kuma ji suna cewa "masan ya ƙone" maimakon "masar ta ƙone", da kullu a wurin ƙullu. A nan sai ɗalibi ya yi taka-tsantsan kafin ya ce kuskure ne. Raunin bambancin jinsi sananne ne a Hausar Bauci da ta kudancin Zazzau, a Gananci kuwa ya ɓace, kuma da yawa daga manyan da yaran nan ke ji a zango daga waɗancan yankuna suka fito. Mai yiwuwa karin harshe suka gada, mai yiwuwa kuma tasirin buroka ne, wanda ba ya bambanta mace da namiji a wakilin suna na karɓau. Sai an saurari iyaye da 'ya'ya a gidaje da yawa kafin a raba gardama.

Abin da ya fi damuna shi ne salon magana. Kullum a rediyo ana cewa ba a san wainar da ake toyawa ba, ko kuma ana juya talaka kamar waina a tanda. Na gwada na biyun a kan babbar 'yar Gwaggo, mai shekara goma sha huɗu. Ta san masa, ta san abin da uwarta ke toya ta a ciki, amma ba ta san sunansa tanda ba, ba ta kuma san waina ita ce masa ba. Da na nuna mata da hannu sai ta ce, "Au, Yaya, ashe firayin-fan ɗin Mama ake nufi!" Ta gane hoton nan take, domin ta fi ni ganin juyin waina. Kalmomin ne kawai ba a taɓa haɗa mata da shi ba.

Ga wanda zai je hidimar ƙasa ko hutu a ɗaya daga cikin garuruwan nan kuma yake son ya tattara irin waɗannan kalmomi, kada ya je da takardar tambayoyi da rana tsaka. In ka tambayi mai tuya yadda ake waina, a jimla uku za ta sallame ka, kalmomin ba za su fito ba. A nemi izininta tukuna, a zo tun lokacin jiƙo, a dawo da asuba, a ɗauki muryarta a waya tana aiki tana yi wa yara faɗa. A rubuta garin da ta fito da shekarun da ta yi a Kudu, a kuma rubuta daban abin da take ce wa mai saye da abin da take ce wa 'yarta, domin Gwaggo da kanta, ranar da na fasa mata guda huɗu a jere, cewa ta yi, "Miƙo cokalin nan, kin ɓata min waina."